Wa Zai Sallami Saje Yohanna?

Wa ya kamata ya ce wa Saje ya dawo gida? Na tambayi masu anini a kafaɗa, na tambayi fasto, na tambayi 'yan fanshon da ke zama gindin mangwaro a bakin kasuwar Zuru. Kowa sai ya ce, "Ai ba mu ba ne, Mama." To su wane ne? Mutum dai ba ya tashi daga gonarsa ya je wata ƙasa ya koya wa 'ya'yan mutane riƙon bindiga don ganin damarsa. Wani ne ya aike shi. Wanda ya aike shin nake nema, har yau ban ga fuskarsa ba.

Ni ban yi boko ba. Ɗiyata Ladi ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini zance. In na yi kuka ta jira ni, in na yi zagi ta rubuta.

Maigidana Saje Yohanna ya yi shekara talatin da biyar a soja, rabinsu yana koyar da kurata. Ya yi ritaya muka dawo gonarmu ta hanyar Ribah. Damina biyu kawai ya samu aka zo nemansa. Aka ce gwamnatinmu da ta wata ƙasa sun sa hannu a takarda, an ba sojojinmu izini su je su horar da sojojin can na shekara biyu, ana kuma neman tsofaffin hannu. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Matar soja ba ta faɗin inda aka kai mijinta, ni kuwa na yi Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, na sha ja wa wasu kunne a kan haka.

Shekara biyu ta cika, izinin ya ƙare, ba a sabunta ba. Sigina ta zo, wato takardar umarnin soja, jirgi ya kwashe mutanenmu. Amma sunayen da ke cikin siginar na sojoji masu ci ne. Shi Saje ɗan ritaya ne da aka sake ɗauka, sunansa yana wata takarda daban, a wani tebur daban. Kyaftin ɗinsu ya dafa kafaɗarsa a filin jirgi ya ce, "Zauna, taka na zuwa mako mai zuwa." Aka yi wata bakwai.

Ran nan wayata ta yi ƙara, sai na ji wani baƙo da Turancin bariki. Ya ce sunansa Kofur Momo, Saje ne ya horar da shi. Ya ce Baba, haka suke kiransa, ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, kuma ya hana a gaya mini. Na kira Saje nan take na ce, "Baban Ladi, hau mota ka dawo."

Ya ce, "Da izinin wa?"

"Da izinina."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Uwar Ladi, gwamnati ce ta ce in zo. Ita za ta ce in koma. In na taho haka, sunansa gudun soja."

Ladi na da tsohon ciki a lokacin, ƙaninta kuma soja ne, yana can daji, ko waya ba a samunsa. Ni ce kawai.

Abuja ce zangon farko, kuma ita ta fi duk dajin da na ratsa daga baya wahala. Ofis na farko suka duba injinsu suka ce ba sojansu ba ne, ɗan fansho ne. Ofishin 'yan fansho suka ce su waɗanda ke zaune gida suka sani. Na uku suka ce wannan magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa, ta fi ƙarfinsu, in koma na farko. Kwana tara ina wannan kewaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ko'ina a ce, "Oga ya fita." Wace irin fita ce wadda ba a dawowa? Rana ta goma na shimfiɗa zanena a ƙofar wani babban jami'i mai kwat da ɗamarar wuya, na miƙe ƙafa, na ce duk mai shiga sai ya tsallake ni. Suka tsallake ni har azahar. Can sai mutumin ya fito da wani ambulan ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa, an buga masa jan hatimi. Ya ce, "Mama, ga amsarki, sunan maigidanki ne a kai. Tashi don Allah."

Na ce, "Ita ce?"

Ya ce, "Ita ce."

Na durƙusa, ni da na haife shi, na yi masa godiya, na sa masa albarka har da 'ya'yansa.

Ke Ladi, rubuta wannan da kyau, don ke kika yi gaskiya. Kin ce a kara ambulan ɗin a bakin tukunya tururi ya buɗe shi, ki karanta, mu mayar. Na ce ki kiyaye ni. A bariki ambulan mai hatimi sai mai suna yake buɗe shi. Da idona na ga matar da ta buɗe na mijinta aka kai shi gadurum. Na naɗe shi cikin leda biyu, na ɗinke shi cikin lalita, na ɗaura a ƙugu. Na ɗauki garin dawa rabin buhu da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don na san mutumin da ya yi kusan shekara uku bai ci tuwon gida ba dole ƙafarsa ta kumbura.

A tashar Legas wani mai jar hula ya tare ni, ya ce motarsu kai tsaye take zuwa har ƙasar da nake nema, ba sauka ba canji. Ya kuma sayar mini da wani kati ruwan ɗorawa, ya ce na allura ne, ba a wuce boda sai da shi. Na ce ina allurar? Ya ce an riga an yi ta cikin katin. Ni ma dai na yarda, Allah Ya shirye ni.

Cikin motar aka haɗa ni kujera da Hajiya Kulu, mutuniyar Jega, mai kai turare da kayan mata Akara. Ƙatuwar mace ce, ta cinye kujerarta da rabin tawa. Tana jin Hausata ta juyo.

"Ke, Badakkariya ce?"

Na ce, "Ni 'yar Zuru ce."

"Awo, shi na ce. Mi ya kai Badakkariya hanyar Akara? Ku da ba ku san komi ba sai noma da soja."

Na ce, "Su biyun ne suka sa kike cin tuwo kina barci."

Ta yi dariya har motar ta girgiza, ta ɓare goro ta ba ni rabi. Daga nan muka zama ɗaya.

A boda ta farko aka sauke mu duka cikin rana. Katin allurar nan ma'aikacin ya ɗaga shi sama ya nuna wa abokansa suna ta dariya, sai da aka kai ni wata rumfa aka tsira mini allurar gaske. Wani kuma mai lalube ya ji takarda a ƙuguna ya ce in fito da ita. Na fito da ita. Ya sa yatsa zai yage bakin.

Na riƙe hannunsa. Na ce da shi da Turancin da na koya a kasuwar mami ta bariki, "Wannan hatimin gwamnati ne. In za ka karya, ka fara rubuta sunanka da lambarka a bayan ambulan ɗin, don in an tambaye ni in san wanda zan nuna."

Hajiya Kulu tana ta ja mini zane. "Ke, ba shi ya buɗe mu wuce! Za ki kwanar da mota guda saboda takarda?"

Ban sake shi ba. Ya dubi jan hatimin, ya dube ni, ya miƙo mini abina da hannu biyu. Da muka koma mota fasinjoji suka yi ta tafi, wani ya ce, "Manjo ta shigo!" Haka na yi a boda biyar. Kowace na tsaya na yi faɗa a kan ambulan ɗin nan, kowace na ci nasara, ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta ɗauko ran mutum a ƙugu. In na tuna wannan alfahari nawa yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Kwatano da Lome na wuce su kamar kurma. Faransanci suke yi, in ka yi musu magana su ɗaga kafaɗa. Burodinsu dogo kamar ƙotar fartanya, tauri ma haka. A nan na fara ganin teku. Mutane suna ta leƙe suna sha'awa, ni kuwa tsoro ya ba ni. Ƙasa shimfiɗe, ruwa shimfiɗe, babu dutse ko ɗaya da ido zai jingina da shi. Mu a Zuru duk inda ka juya akwai tudu a bayanka. Na rufe fuska da gyale na yi kukana, Hajiya ta yi kamar ba ta gani ba, sai dai na ji ta ɗan matsa ta sakar mini kujerata.

Muna isa Akara direba ya kashe mota ya ce tafiya ta ƙare. Na ce ina kai tsayen? Ya ce wa ya gaya mini? Kafin in gama rigima da shi, yaran mota sun sauke kaya, buhun garin dawata ya yi ƙafa. Na zauna a kan daɓen tashar na yi ta kururuwa da C'lela, harshenmu na gida, don Hausa ba ta isa wannan baƙin ciki ba. Dawar da na noma da hannuna, na surfa, na kai niƙa! Daddawa da kuɓewa kawai suka tsira, don suna cikin jakar hannu.

Hajiya Kulu ta ja ni zuwa zango, unguwar Hausawan can. Hausarsu wata iri ce, a karkace, ta fi tawa karkacewa, amma a ranar ta fi mini kowace waƙa daɗi. A gida Hausawa kan kwaikwayi maganata su yi dariya, a nan kuwa ita ce ta ba ni tabarma da ruwan wanka. Washegari Hajiya ta damƙa ni hannun wani direba ɗan zango, ta yi masa kashedi. Ta tura mini ƙullin garin masara cikin jaka.

Ta ce, "Ba dawa ba ce, amma in kin tuƙa da hushi ba zai gane ba. Ki gai da sojan naki. Ki ce mishi wata Bakaba 'yar Jega ta ce shi ji tsoron Allah shi koma gida."

Ban sake ganinta ba. Ko lambarta ban karɓa ba, don a lokacin ina ganin zan biyo ta kanta da shi a dawowa.

Bayan Abijan kwalta ta ƙare. Muka shiga daji mai duhu, itatuwa sun haɗe sama, ruwa yana zuba ba fashi, hanya ta zama jan kunu. A bayan babbar mota muke, mu da buhunan albasa. Wani wuri ta nutse har gindi, muka yi kwana biyu. Maza suka tsaya suna ta shawara, kowa yana nuna wa direba da yatsa. Na gaji da kallo, na karɓi adda a hannun yaron mota, na shiga sarar rassa ina jerawa ƙarƙashin taya. Sai da suka ga tsohuwa cikin taɓo har gwiwa sannan kunya ta kama su. Wata mata daga ƙauyen gefen hanya ta zo ta tsaya tana kallona. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta tafi ta dawo da shinkafa da miyar ganyen rogo cikin kwano, ta zauna har na cinye, ta ɗebo ruwa ta wanke mini ƙafa. Ban san sunanta ba. Ina yi mata addu'a kowace Lahadi.

Kwana goma sha ɗaya daga Legas na iso ƙofar barikin. Kofur Momo ya taho da gudu ya karɓi jakata. Dogo ne siriri, mai yawan fara'a, sai dai da ya ga zan tambaye shi jikin Saje ya kau da kai.

Na same shi zaune a benci a ƙofar ɗakinsa. Kakinsa a goge, har kari yana yanka, amma ƙafafun sun yi suntum, takalmin soja ba ya shiga, silifa ce ya zura wa yatsu. Wuyansa ya zama kamar na zakara. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ya zauna. Filin fareti yana nan kusa, kurata suna ta tafiya, shi kuwa ya juya masa baya yana fuskantar bango.

Ya ɗaga ido ya gan ni, taɓo har a gyale. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Uwar Ladi, wa kika bar wa awakin?"

Na ce, "Na ratsa ƙasa biyar, awaki za ka tambaya?"

"To ai ke na gan ki."

Na juya baya na kwance lalita, na farke ɗinkin, na miƙa masa. Da ya ga jan hatimin sai ya ce a kawo masa ruwa ya wanke hannu. Ya dafa kafaɗar Momo ya miƙe tsaye, don ba a karɓar takardar gwamnati a zaune. Ya duba bakin ambulan ɗin, ya ga ba a taɓa ba, ya dube ni ya ce, "Magajiya ke nan." Ya sa wuƙa ya yanka. Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa. Ya ninke ta yadda take, ya sa a aljihu ya ɓalle maɓalli, ya zauna.

Na ce, "Yaushe za mu tafi?"

Ya dafa aljihun da ya sa takardar.

"Baban Ladi, me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce an ga kokena. Ta ce tunda yarjejeniyar ƙasashen biyu ta ƙare, ofishinsu ba shi da hurumi a kaina. Ta ce in ci gaba da zama a inda nake har sai an ba da umarni."

Na zauna a ƙasa kusa da bencin. Kafin in zo, maganar baki ce kawai ta kyaftin ke riƙe da shi, wataƙila da na yi ta kuka da na shawo kansa. Yanzu ga shi a rubuce, da hatimi, kuma ni na kawo. Ni na yi faɗa da ma'aikatan boda biyar don kada kowa ya gani ya ce mini, "Mama, koma, wannan ba ita ba ce." Mutumin nan mai ɗamarar wuya ya san abin da ke ciki. So yake kawai in tashi daga ƙofarsa.

Na ce, "Yaga ta. Wa ya gani? Ni da kai da Momo, Momo kuma ba ya jin Hausa."

Ya ce, "Ni na gani."

Nan na sauke masa duk abin da na tara tun daga Abuja. Na ce gwamnatin da yake jira ba ta san yana numfashi ba. Na ce hanya a buɗe take, ni da ban san bihim ba na biyo ta. Na ce so yake a rufe shi cikin wannan jar laka inda ba mai zuwa share kabarinsa? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Kin manta golmo?"

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu saurayi ba ya ɗaukar yarinya sai ya yi wa ubanta noma shekara bakwai, shi da abokansa. Shi ne golmo. Saje ya yi bakwai ɗinsa cif. Amma babana tsoho ne mai tsiya, ya ga ya samu ƙato, sai ya ƙi buɗe baki ya ce ya isa. Abokan Saje suka ce lokaci ya cika kowa ya sani, su ba za su koma ba. Shi kaɗai ya ɗauki garma ya sake yin damina guda, har sai da tsohon ya ji kunya ya ce da bakinsa, "Ya isa, ɗauki matarka."

Ya ce, "Ranar nan kin yi ta yabona a gaban ƙawayenki."

Na ce, "Ranar nan ina yarinya, ba ni da hankali. Kuma babana yana ganinka kullum a gona. Waɗannan fa?"

Na shiga na tuƙa garin masarar Hajiya, da fushi kuwa, na yi miyar kuɓewa da daddawa. Ya ci loma biyar ya ce dawar bana ta yi fari.

Washegari na sa Momo ya kai ni wurin Kanar ɗin barikin. Mutumin kirki ne, ya tashi ya ba ni kujera. Na ce ya ba Saje umarni ya tafi gida, tunda shi ne babba a nan. Ya ce, "Mama, da zan iya da tuni na yi. Ba sojana ba ne. Tunda izinin ya ƙare, doka ta hana ni ba shi umarni, ta hana ni barinsa ya koyar, ta hana ni kwantar da shi a asibitinmu. Likita yana zuwa duba shi ne ina kau da kai. In ya ce zai tafi yau, motata za ta kai shi tasha. Amma shi zai ce." Muka je ofishin jakadan ƙasarmu a babban birninsu. Suka ba ni ruwan sanyi, suka ce za su rubuta wa Abuja. Na ce su gai da Abuja.

Mako biyar na yi a barikin nan. A nan na gane dalilin juya baya. Kuratan da ke fili sababbi ne, kofur-kofur ɗin da Saje ya horar su ke koya musu, ana shirin faretin yaye su. Tunda ba shi da izinin koyarwa, ya hana kansa ko kallo. Amma kunne ba shi da murfi. In suka buga ƙafa ba daidai ba sai in ga kumburarriyar ƙafarsa ta motsa, ya cije leɓe. Momo ya sha zuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, duba mana sau ɗaya." Sai ya ce, "Ba ni da hurumi."

Amma da ni yakan yi gunaguni da C'lela. "Ji wannan. Na layin baya suna riga na gaba sauke ƙafa. Mai ba da umarnin yana jan numfashi a inda bai kamata ba." Ran nan na ce a raina, takardar ƙasashen nan biyu ai ba ta ambaci matan aure ba. Na ɗauki bokiti kamar zan je famfo, na ratsa ta bakin fili, na gaya wa Momo abin da na ji. Kafin in dawo tafiyar ta gyaru. Saje ya kasa kunne, ya dube ni ta wutsiyar ido, ya ce, "Ruwan famfon nan yana da nisa." Daga ranar kullum sai ya yi gunaguninsa da ƙarfi, a hankali, sau biyu, ni kuma in ɗauki bokiti. Kuratan suka riƙa kawo mana kifi da ayaba suna ajiyewa a bakin ƙofa. Jikinsa kuwa kullum baya yake yi. Ya daina iya kwanciya, sai a jingine. Kowace safiya in ce, "Mu tafi," ya ce, "Bari mu ga yau."

Ana jibi fareti suka tsaya gwaji na ƙarshe. Akwai wani juyi da layi duka ke yi kamar ƙofa tana buɗewa, shi ya gagare su. Saje ya ce na gefen hagu su rage taki, na dama su buɗe. Na ɗauki bokiti. Kafin in isa, hagu da dama suka rikice mini, na faɗa wa Momo a juye. Aka ba da umarni, sai layi ya karye a tsakiya, suka yi ta karo da juna, wani ya faɗi, hularsa ta gangara. Aka sake, ya fi na farko muni.

Ina tsaye da bokiti sai na ga kuratan sun daskare suna kallon bayana. Na juya. Saje ne tafe, da sanda, da silifa, taki ɗaya ya huta, taki ɗaya ya huta. Ya zo bakin fili ya jefar da sandar. Ban san inda ya samo muryar ba. Tsawa ɗaya ya yi, tsuntsaye suka tashi daga kan rufin ma'ajiyar makamai. Ƙafa ɗari biyu ta sauka kamar ƙafa ɗaya. Ya juya su hagu, ya juya su dama, ya buɗe ƙofar nan ya rufe ta har sau uku, ba wanda ya kauce. Na hango Kanar a tagar ofishinsa. Da ya ga na gan shi sai ya saki labule.

Momo da wani suka riƙo shi suka mayar da shi benci. Wannan karon da kansa ya ce a juya bencin. Gumi ya jiƙa kakin, numfashinsa kamar ana jan zarto, amma fuskarsa irin ta ranar da babana ya sallame shi ce. Ya yafito ni, ya yi mini magana, ya aike ni tasha.

Na tafi da gudu-gudu, tsohuwa da ni, ina dariya ni kaɗai a hanya. Na samu mota mai tashi da safe, na kama kujeru. Na tsaya ma na sayi lemo don hanya. Da la'asar na dawo, tun daga ƙofar bariki na ji shiru, ba fareti ba busa. Kuratan suna tsaye sun kewaye ƙofar ɗakinmu, huluna a hannu. Suka buɗe mini hanya. Yana zaune yadda na bar shi, kansa jingine da bango. Momo ya ce bai yi magana da kowa ba bayan fitata.

Gawa ma, ashe, sai da takarda take ƙetare boda, kuma ofishin da zai ba da ita shi ne wanda ba shi da hurumi. Kwana huɗu na yi ina roƙo, zafi kuma ba ya jira. Kanar ya ba da wuri a bayan cocin bariki. Kuratan da aka yaye suka ɗauke shi a kafaɗa, suka harba bindiga sama. Ban tambayi ko da izinin wa ba. Can na baro shi, cikin jar lakar nan, ni kaɗai ce 'yar Zuru da ta san wurin.

Da na tashi dawowa na sake biyan kujera biyu, direba ya so ya sa wani a kujerar taga. Na ce akwai mai ita. Ya ce ina yake? Na ce ya ja motarsa. Muka yi ta yi har fasinjoji suka ce ya ƙyale tsohuwa.

Dakata, Ladi, bari in sha ruwa. To, rubuta abin da ya ce mini a bencin, yadda ya faɗa, kada ki ƙara kada ki rage.

"Uwar Ladi, kin ga na karya doka, kuma sama ba ta faɗo ba. Tunda na karya ɗaya, bari in karya ta biyu. Je ki tasha ki kama mana kujera biyu. Ta taga tawa ce, kada ki yi mini wayo. Ina so in riga ki ganin dutsen gida."